Kwana 133 a kan katako: yadda Poon Lim ya rayu shi kaɗai a Tekun Atlantika

Ranar 5 ga Afrilu, 1943, wasu masunta uku 'yan ƙasar Barazil da suka fita su a gaɓar jihar Pará, ba nisa da inda Kogin Amazon ke juye ruwansa cikin teku, suka hango wani dandamalin katako yana lilo a kan ruwa, da mutum a kansa yana ɗaga musu hannu. Da suka matsa kusa sai suka tarar da saurayi ne, rana ta gasa fatarsa, gishiri ya cinye tufafinsa, ba ya jin harshensu, su ma ba sa jin nasa. Suka ɗauke shi cikin kwalekwalensu, suka ba shi ruwa da abinci, bayan kwana uku aka kai shi birnin Belém. Abin da ya ba mutanen da suka tarbe shi mamaki shi ne da ƙafarsa ya taka, babu wanda ya riƙe shi, alhali kuwa ya yi kwana 133 a kan wannan katako shi kaɗai. Nauyin da ya rasa a duk tsawon lokacin bai wuce kilo 9 ba.

Sunansa Poon Lim. An haife shi a shekarar 1918 a tsibirin Hainan da ke kudancin ƙasar Sin, yana da shekara 24 lokacin da abin ya same shi, kuma a kan katakon nan ya cika 25. Yana daga cikin dubban Sinawa da suka yi aiki a jiragen ruwan kasuwanci na Ingila a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda yawancinsu birnin Liverpool ne masaukinsu. Aikin da ake ba su shi ne na ƙasa: ɗakin inji, kicin, shara da wanki, a kan albashin da bai kai na takwarorinsu Turawa ba, duk da cewa haɗarin da suke fuskanta ɗaya ne, har sai da suka yi yajin aiki a 1942 suna neman a daidaita. Shi Poon Lim mai hidimar abinci ne na biyu a wani jirgin dakon kaya mai suna Benlomond, wato aikinsa jera kwanuka, kai abinci, kwashewa da gyara wuri. Ba matuƙi ba ne, ba soja ba ne, babu wanda ya horar da shi kan yadda ake rayuwa idan jirgi ya nutse, kuma ko iyo bai iya sosai ba. Ya kamata a riƙe wannan a zuciya, domin duk abin da ya biyo baya ya fito ne daga hannun mutumin da saninsa na tattalin abinci da kula da ƙananan kaya ne.

Jirgin ya taso daga Cape Town a Afirka ta Kudu ba tare da kaya ba, ya nufi Paramaribo a ƙasar Suriname, daga nan kuma zai wuce New York. Shi kaɗai yake tafiya, ba ya cikin ayari, babu jirgin yaƙi da ke yi masa rakiya, ga shi ba mai gudu ba ne. Ƙarshen shekarar 1942 kuwa shi ne lokacin da jiragen yaƙin Jamus masu tafiya a ƙarƙashin ruwa suka fi yi wa jiragen kasuwanci ɓarna, kuma sun faɗaɗa farautarsu zuwa kudancin Atlantika, har Barazil ta shiga yaƙin a watan Agusta na wannan shekara saboda jiragenta da aka nutsar. Wannan teku da wannan fargaba ba baƙi ba ne ga tarihinmu: a shekarar da ta biyo baya, sojojin Afirka ta Yamma, cikinsu har da 'yan Arewa masu yawa, ta ruwa aka kwashe su zuwa Indiya a kan hanyarsu ta zuwa yaƙin Bama. Ranar 23 ga Nuwamba, 1942, jirgin ƙarƙashin ruwa mai lamba U-172, wanda Carl Emmermann ke jagoranta, ya harbi Benlomond da bama-bamai biyu masu gudu cikin ruwa, a wani wuri mai nisan kimanin kilomita 1,200 gabas da bakin Amazon. Cikin kamar minti biyu jirgin ya nutse. Fiye da mutum 50 ne a cikinsa, kuma Poon Lim kaɗai ne ya sake taka ƙasa.

Ya samu ya fizgi rigar ceto kafin ya faɗa ruwa, kuma ita ce ta riƙe shi na kimanin awa biyu yana yawo cikin tarkace da baƙin mai, har ya ci karo da ɗaya daga cikin dandamalan ceto da jirgin ke ɗauke da su. Katako ne mai kusurwa huɗu, tsawonsa da faɗinsa kimanin mita biyu da rabi, wato bai fi ƙaramin shagon mai shayi ba. A cikinsa ya tarar da gwangwanayen biskit, da cakulan, da ƙwayoyin sukari, da tocila, da 'yan abubuwan harba wuta sama don neman agaji, da gwangwanaye biyu masu fitar da hayaƙi, da ruwan sha kimanin lita 40. Idan aka raba lita 40 a kan kwana 133, abin da zai samu a kowace rana bai kai sulusin lita ba, a ƙarƙashin rana mai ƙuna, babu inuwar kirki. Ke nan guzurin da ya samu ba shi ne ya kai shi gaɓa ba. Abin da guzurin ya yi masa shi ne ya ba shi 'yan makonni na tunani da shiri, shi kuma ya yi amfani da makonnin tun kafin kayan su ƙare, yana tsakura kaɗan kaɗan kamar wanda ya san babu wanda zai zo.

Ruwa ne matsala ta farko, kuma mai karatun da bai taɓa zama kusa da teku ba zai iya tambaya yadda ƙishirwa za ta kashe mutumin da ruwa ya kewaye ta ko'ina. Amsar tana cikin ƙoda. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35, ƙodar ɗan Adam kuma ba ta iya fitar da fitsari mai kaurin gishiri haka, saboda haka dole ta jawo ruwa daga jiki domin ta wanke gishirin da aka sha. Wanda ya sha ruwan teku yakan fitar da fiye da abin da ya sha, jikinsa ya ƙara bushewa, hankalinsa ya gushe, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka mutu a kwalekwalen ceto ta haka suka tafi. Poon Lim ya dogara ga ruwan sama. Ya mai da tamfol da ƙyallen rigar cetonsa abin tarar ruwa, yana juyewa cikin mazubin da ya samu. A nan lokaci da wuri sun taimake shi, domin yankin da ya faɗa yana kusa da layin da ya raba duniya biyu, inda hadari ke yawan haɗuwa, kuma damina a gaɓar Pará tana kankama ne daga wajen Disamba zuwa Mayu, daidai watannin da ya yi yana yawo. Da a yankin da ruwan sama ke wuya jirgin ya nutse, da duk dabararsa ba ta kai shi wata biyu ba.

A kan abinci ne basirarsa ta fi fitowa fili, kuma a nan ya dace a tsaya a duba da kyau. Tocilar da ya samu, da batirinta ya mutu, bai jefar da ita ba. Ya kwance ta, ya ciro siririyar wayar da ke cikinta, ya lanƙwasa ta ta zama ƙugiya. Igiyar da ke kan dandamalin mai kauri ce, ba ta fatsa ba, sai ya warware ta zare zare, ya sake tufka siririya wadda kifi ba zai gani ya gudu ba. Da wannan ya fara kama ƙananan kifaye. Da ya ga ƙugiyar waya ba za ta ɗauki babban kifi ba, sai ya ɓamɓaro ƙusa daga jikin katakon da yake kwance a kai, ya yi ta fama da ita har ta lanƙwashe, ta zama ƙugiya mai ƙarfi, yana saƙala mata ƙaramin kifi domin ya kama babba. Wuƙa kuwa daga gwangwanin biskit ya yanko ta. Duk kifin da ya kama, sai ya fede shi, ya yanyanka sala sala kamar mai shirin kilishi, ya rataye a kan igiya rana ta busar da shi, saboda ya san ranar da aka samu ba ita ce kullum ba.

Wanda ya lura zai ga cewa babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake aikin ƙarfi. Aikin haƙuri ne da tattali, irin na mutumin da ya saba kallon gwangwani ya ga abin da zai iya zama bayan an cinye abin da ke ciki. A ganina wannan ne ginshiƙin lamarin gaba ɗaya. Mutumin da ya tsinci kansa shi kaɗai a tsakiyar teku yana da abokan gaba biyu, ƙishirwa da zaman banza, kuma na biyun yakan buɗe wa fid da rai ƙofa tun kafin na farkon ya gama aikinsa. Poon Lim ya cika yininsa da hidima: tarar ruwa, gyaran igiya, fatsa, fiɗa, shanya, wanke katako daga jini da ƙarni. Ya mai da dandamalin wurin aiki, kamar yadda ɗakin cin abincin jirgin yake a gare shi kafin ya nutse.

Akwai wasu ƙananan abubuwa biyu da suka nuna irin tunaninsa. Da yake ya san bai iya iyo ba, yakan ɗaure igiya a wuyan hannunsa ya haɗa da dandamalin, domin idan igiyar ruwa ta wurga shi cikin dare yana barci, kada katakon ya tafi ya bar shi. Sannan ya riƙa ƙirga kwanaki ta hanyar ƙulla ƙulli a jikin igiya, ƙulli ɗaya kowace rana. Da kwanakin suka yi yawa, ya ga lissafin ba shi da wani amfani, sai ya daina, ya koma ƙirga cikar wata. Mutumin da ya yi haka ya riga ya karɓi cewa zamansa mai tsawo ne, ya daina jiran gobe, ya fara auna rayuwarsa da ma'auni mai faɗi.

Lokacin da ya fi kusa da mutuwa ya zo ne bayan wata babbar guguwa, wadda ta lalata kifin da ya shanya, ta kuma gurɓata ruwan shansa, ruwan teku ya shiga cikinsa. Aikin makonni ya tafi a dare ɗaya, ruwan sama kuma ya ɗauke. A yadda ya ba da labari daga baya, yana kwance ba ƙarfi ya samu ya cafke wani tsuntsun teku da ya sauka a kan dandamalin, ya sha jininsa. Daga nan kuma sai manyan kifayen nan masu cin nama da ake kira shak suka yi ta kewaya shi, suna korar ƙananan kifayen da yake kamawa. Sai ya yanke shawarar kama shak ɗin kansa. Ya ninka igiyarsa ta yi kauri biyu, ya naɗe hannayensa da tamfol don kada ta yanke shi, ya saƙala ragowar tsuntsun a ƙugiyar ƙusa. Da ya jawo wani ƙarami ya hau kan katakon, kifin ya yi ta kai masa cizo, shi kuma ya yi ta dukansa da mazubin ruwa da ya zuba wa ruwan teku don ya yi nauyi, har ya daina motsi. Ya farke shi ya tsotsi jinin hantarsa saboda ƙishirwa, ya yanke fukafukansa ya shanya, abincin da mutanen garinsu ke ji da shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a labarin nan ba guguwa ba ne, ba kuma shak ba. Mutane sun gan shi, fiye da sau ɗaya, kuma ya ci gaba da zama a kan katakon. Wani jirgin dakon kaya ya zo kusa da shi har yana ganin mutanen da ke kansa, ya yi ta kira da ɗan Turancin da ya iya, jirgin ya wuce bai tsaya ba. Jiragen saman sintiri na sojan ruwan Amurka sun hango shi, ɗaya ya jefa alama a ruwa domin a dawo a same shi, sai hadari ya taso ya raba shi da alamar. Wani jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus ma ya ɓullo kusa da shi, ya gan shi, ya tafi.

Kowanne daga cikin ukun yana da bayaninsa. Na Amurkawa ƙaddara ce, sun yi niyya yanayi ya hana. Na Jamusawa yana da tushe a abin da ya faru wata biyu kafin nutsewar Benlomond. A watan Satumba na 1942 wani jirginsu mai lamba U-156 ya nutsar da jirgin Laconia a yammacin Afirka, kwamandansa Werner Hartenstein ya tsaya yana tsamo mutane daga ruwa, sai wani jirgin saman Amurka ya kai masa hari yana cikin aikin ceton. Bayan haka ne shugaban rundunar, Karl Dönitz, ya ba da umarnin cewa kada jiragensu su ƙara tsayawa ceton waɗanda suka nutsar. Na jirgin dakon kayan ne ya fi ciwo. Masu kare matuƙansa suna cewa a wancan lokaci duk jirgin kasuwanci da ya tsaya cik a tsakiyar teku ya mai da kansa abin harbi, kuma ana tsoron kada mutumin da ke kan katako ya zama tarkon da aka ɗana. Wannan tsoro gaskiya ne, ba a raina shi. Amma Poon Lim ya yi imani cewa sun wuce ne saboda sun ga fuskarsa, sun ga ba Bature ba ne. Mutumin da ya yi shekaru yana karɓar albashin da bai kai na abokin aikinsa ba saboda launin fatarsa yana da dalilin da zai sa ya karanta abin haka, kuma ni ban ga hujjar da za ta sa a yi watsi da shaidar wanda ya ga idanun mutanen da suka dube shi suka kau da kai ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne bayan jirgin ya ɓace masa, ya koma ga ƙugiyarsa.

Duk wannan lokaci teku tana tafiya da shi ba tare da ya sani ba. A wannan yanki na Atlantika ruwa yana kwarara ne daga gabas zuwa yamma, iska ma haka take kaɗawa mafi yawan shekara, saboda haka duk abin da ke yawo a sama, sannu a hankali gaɓar Kudancin Amurka yake nufa. Ba shi da filafili, ba shi da abin tuƙi, kuma a ƙarshe ya sauka ne a inda ruwan ya ga dama. Alamar farko da ya gani ita ce launin ruwa ya sauya, shuɗin nan mai duhu na tsakiyar teku ya koma garwaye da laka. Amazon ne, kogin da ya fi kowane kogi a duniya yawan ruwa, wanda ke juye kimanin lita miliyan 200 cikin teku a kowace daƙiƙa, har ruwansa yakan rina tekun tun daga nesa da gaɓa ƙwarai. Gaɓar da ya dosa kuwa ba mai sauƙi ba ce. Daga Pará zuwa Maranhão daji ne na itatuwan da ke tsirowa cikin taɓo da ruwan gishiri, ɗaya daga cikin mafi tsawo irinsa a duniya, ga ruwa mai cika da janyewa da ƙarfi, ga ƙauyuka jefi jefi. Da dandamalin ya shige cikin wannan surƙuƙi a inda babu kowa, mutumin da ya raunana haka zai iya mutuwa yana kallon ƙasa. Haɗuwarsa da masuntan tun yana kan ruwa ita ce rahama ta ƙarshe da ta cika sauran.

Idan aka auna lamarin da adalci, dole a ba kowane ɓangare haƙƙinsa. Akwai abin da ba shi ya yi ba: dandamali mai guzuri da ya ci karo da shi, ruwa mai ɗumi da bai daskarar da shi ba kamar yadda ya yi wa dubbai a arewacin Atlantika, damina, da kwararar teku zuwa gaɓa. Kasancewarsa shi kaɗai ma, duk da ɗacinsa, ya sa guzurin da aka tanada domin mutane da yawa ya zama nasa. Amma waɗansu sun samu irin waɗannan suka mutu cikin mako biyu ko uku, kuma kilo 9 kacal da ya rasa shaida ce cewa ba jure yunwa kawai ya yi ba, ciyar da kansa ya yi. Wannan ne ya sa hukumomin sojan ruwa suka zauna da shi suka tambaye shi dalla dalla yadda ya yi ƙugiya, yadda ya tari ruwa, yadda ya adana kifi, kuma rundunar ruwan Ingila ta sanya dabarunsa cikin littattafan da take koyar da jami'anta.

Ya yi kimanin mako huɗu a asibiti a Barazil, sannan ƙaramin jakadan Ingila ya shirya masa tafiya ta Miami da New York. Sarki George na Shida ya ba shi lambar yabo ta Daular Birtaniya a 1943. Da aka gaya masa cewa babu wanda ya taɓa daɗewa haka a kan dandamalin ceto, amsar da aka ruwaito daga gare shi ita ce yana fata kada wani ya taɓa samun kansa a halin da zai zarce shi. Ƙasar da ta rataya masa lamba kuwa, yaƙi na ƙarewa, a 1945 da 1946 ta tattara ɗaruruwan ma'aikatan jirgi Sinawa daga Liverpool ta mayar da su gabas da ƙarfi, wasunsu suka bar mata da 'ya'ya ba tare da sallama ba, iyalan suka yi shekaru suna zaton gudu aka yi aka bar su.

Shi Poon Lim Amurka ya so ya zauna, amma doka ta tare shi. Ko bayan da aka soke dokar hana Sinawa shiga ƙasar a ƙarshen 1943, mutum 105 kawai aka yarda su shiga a shekara, kuma gurbin ya cika. Sai da ɗan majalisar dattawa Warren Magnuson na jihar Washington ya tsaya masa aka yi masa izini na musamman, daga baya ya zama ɗan ƙasa. Ya koma aikin da ya sani, hidimar abinci a jiragen ruwa, ya ci gaba da ratsa teku shekaru masu yawa har ya yi ritaya. Tun daga lokacin an samu waɗanda suka fi shi daɗewa a kan ruwa, kamar José Salvador Alvarenga ɗan El Salvador da ya yi kwana 438 a Tekun Fasifik tsakanin 2012 da 2014, amma shi a cikin kwalekwale yake. Poon Lim ya rasu a unguwar Brooklyn ta birnin New York ranar 4 ga Janairu, 1991, yana da shekara 72.